Obiligeshan ɗin Baba Tsoho

Ranar da aka kai Baba Tsoho makwancinsa, layinmu na Unguwar Rimi ya cika har mai keke ya rasa inda zai juya. Ban taɓa sanin kakana ya san mutane haka ba. Na ga tsofaffin ma'aikata waɗanda na ɗauka sun riga shi tafiya tuntuni, kowanne da sanda da tabarau mai kaurin gindin kwalba, ana zaro su daga mota a hankali kamar ƙwai. Duk wanda ya zauna a rumfa sai ya ɗaga hannu a yi addu'a, a shafa, sannan ya nisa ya ce, "Allah ya jiƙan Obiligeshan."

Ashe sunan da suke kiransa da shi ke nan a ofis, tun kafin a haifi Abbana.

Wani ya ce bai taɓa ganin ya tashi daga aiki kafin lokaci ba, ko da wuta ta ɗauke, ko da babu komai a teburinsa sai ƙuda. Wani ya ce ya taɓa mayar masa da allurar maƙale takarda har gida. A cikin gida kuwa Goggo, ƙanwar Abbana da ke aure a Kurmin Mashi, ta yi kuka har muryarta ta koma ta agwagwa. Da ta ɗan lafa sai ta ce wa matan da suka kewaye ta, "Baba ba shi da fitina. Ko abinci sai ya huce yake ci. Tuwo mai sanyi, shi ne abin sonsa."

Mata suka ce, "Allah sarki, haka ne." Ni ma na gyaɗa kai daga bakin ƙofa, domin duk gidan haka muka sani.

Wannan maganar ce ta sa nake rubutun nan. Ba na so a manta da shi, kuma ba na so a tuna da shi a karkace.

Obiligeshan kalmar Turanci ce, kuma ita ce gishirin bakin kakana. Rufe famfo obiligeshan ne. Gaida maƙwabci obiligeshan ne, ko da maƙwabcin nan ne mai karen da ya yaga mini wando. In aka aiko mana da abinci, mayar da kwanon da wani abu a ciki obiligeshan ne. Na rantse har zakaran gidanmu, in ya makara bai yi cara ba, sai Baba Tsoho ya leƙa ta taga ya tuna masa. Tun ina ƙarami na iya kwaikwayonsa: a tura leɓen ƙasa gaba, a yi gyaran murya sau biyu, a ja tsakiyar kalmar kamar ana jan akuya zuwa kasuwa. Da wannan nake samun ƙarin nama a wurin Umma in ta gama dariya.

Yana da amini, tsohon malamin Arabiyya da ke bayan layinmu, wanda kalmar ke ci wa rai. Wata rana da yamma suna zaune a ƙofar gida, ina zuba musu shayi, sai malamin ya ce, "Alhaji, don Allah me ya kai ka aron bakin Turawa? Wajibi fa? Dole fa? Sun ƙare ne a kasuwa?"

Baba Tsoho ya ajiye kofinsa. In ya ajiye kofi, to a nemi wurin zama.

"Wajibi na Allah ne, Malam, ba na jawo shi kan famfo da shara. Dole kuwa da bulala take zuwa, in mai bulalar ya juya baya shi ke nan. Wannan dabam ce. Malaminmu a kwaleji ya ce asalinta daga ɗauri ne. Igiya ce a wuyan hannunka, ɗaya bakin yana hannun wani. Ba ɗan sanda, ba mai duba ka. Amma ranar da ka ja baya, wancan ne zai faɗi."

"Amana ke nan ka faɗa, sai ka sa mata kwat da wando."

"Ta yi kusa."

"Ita ce!"

"Na ce ta yi kusa."

A kan wannan tsofaffin nan biyu suka daina magana. Sai su haɗu a masallaci, sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, a sallame kowa ya nemi takalminsa. Ana haka malamin ya kwanta zazzaɓi. Baba Tsoho ya sa hula, ya ba ni ledar lemu na riƙe, muka je. Malamin yana ganinsa ya ce daga kan katifa, "Zumunci ne ya kawo ka, ko waccan abar?"

"Waccan abar."

Malamin ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ranar jana'izar Baba Tsoho, malamin nan kaɗai ne a rumfar bai faɗi kalmar ba. Ya ce, "Allah ya jiƙan mai amana," sannan ya rufe fuska da babbar riga, kafaɗunsa suna rawa.

Ni kuwa Baba Tsoho ɗan takara yake ce mini, saboda Kaka, matarsa, tun ina cikin zani take kirana maigidanta, irin wasan kaka da jika. Takan ce, "Ga maigidana nan, ba cefane sai buɗe tukunya." Ba ƙarya ta yi ba. Ni mutum ne da in na zauna gaban shinkafa da wake, sai an zo da shaidu kafin a yarda an taɓa zuba wani abu a farantin. Ranar da aka koro ni daga makaranta saboda na kwaikwayi tafiyar malamin lissafi, Abba ya ce ba inda za shi. Baba Tsoho ne ya goge takalminsa ya raka ni, ya tsaya gaban shugaban makaranta ya ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin. A hanyar dawowa bai yi mini faɗa ba. Sai da muka kusa gida ya ce, "To, ɗan takara, nuna mini tafiyar." Na nuna masa. Ya yi dariya har ya dafa katangar mutane, sannan ya murɗe mini kunne.

Shekarun baya ciwon suga ya tafi da idon Kaka, daga baya kuma ɓarin jikinta na dama ya shanye. Tun daga nan Baba Tsoho ne ke ba ta abinci a baki, safe da rana da dare. Za a kai musu kwano biyu ɗakinta. Ya ja kujerarsa ta roba, ya ajiye nasa kwanon a ƙasa a rufe, ya ɗauki nata. Kaka kuwa cin abincinta sai mai haƙuri. Loma ɗaya, sai labarin wata mata da ta ci bashin zani a zamanin da, sai loma ɗaya. Kafin ta gama, tuwonsa ya yi tauri har ana iya jifan ɓarawo da shi. Haka zai buɗe ya ci, yana gyaɗa kai.

Baffa, yayan Abbana da ke zaune a Doka, ya taɓa kawo wata mata mai kula da marasa lafiya, da farar riga da komai. Ya ce, "Baba, ka huta haka nan. Ga wadda ta san aikin."

Baba Tsoho ya gaishe ta da mutunci, ya sa aka kawo mata ruwa, ya sa na tare mata keke. Da ta tafi ya dubi Baffa ya ce, "Aiki ake ɗaukar wa ma'aikaci. Wannan ba aiki ba ne."

"To mene ne?"

Ni da ke bayan labule na riga shi faɗa, da muryarsa. Takalmi ya biyo ni har tsakar gida.

Da safe Baba Tsoho ya rasu, bayan ya dawo daga masallaci ya zauna a kujerar nan yana jiran a kawo koko. Kaka ce ta fara sani, ita da ba ta gani. Ta ce ta ji numfashin ɗakin ya ragu.

Tun daga ranar ta rufe bakinta.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta karɓi gaisuwa, ta amsa addu'a, ta shiga takaba kamar yadda ake yi. Amma in cokali ya doso ta sai ta juya fuska bango. Ruwa kawai take kurɓa, shi ma don ta jiƙa harshe ta yi salati. Umma ta dama kunun gyaɗa, ta yi farfesu, ta yi fate irin na Zariya wanda Kaka ke cewa ko a mafarki aka ba ta sai ta suɗe hannu. Goggo ta durƙusa tana kuka tana cewa, "Inna, don girman Allah, loma ɗaya." Abba, wanda ba shi ne ɗan fari ba amma kunyarta yake ji kamar shi ne, ya tsaya bakin ƙofa yana ta murza hula. Aminin Baba Tsoho ya zo ya yi mata nasiha daga bayan labule, cewa jiki amana ne. Ta ce, "Na ji, Malam. Na gode." Ba ta ci ba.

Aka yi sadakar uku, baƙi suka fara raguwa, ita ma tana raguwa. Mai ciwon suga ba ya wasa da yunwa. Hannunta mai lafiyar ya fara karkarwa, maganarta ta koma kamar daga ƙasan rijiya. Likitan da Baffa ya kawo ya fito tsakar gida ya ce in ba ta ci ba zuwa gobe, sai a kai ta asibiti a zura mata roba ta hanci. Kaka ta ji shi, domin kunnenta ya gaje duk ƙarfin idonta. Ta ce, "Wanda ya sa mini roba, ban yafe ba."

Baffa ya ce ko ta yafe ko kada ta yafe, gobe bayan la'asar zai zo da mota. Ya faɗa da ƙarfi, amma da ya juya na ga yana share ido da hannun riga. A gidan nan babu wanda bai san abin da muke tsoro ba. Rumfar da aka kafa wa Baba Tsoho ba a ma kwance ta ba tukuna.

A ranar ne 'yan'uwana jikoki suka matsa mini in yi wasan jika. In tsoho ya cika da shekaru ya tafi, jikoki kan sa kayansa su kwaikwaye shi, a yi dariya a share hawaye. Ban so ba, amma suka ɗora mini hularsa da tabaransa, suka tura ni tsakiyar mata. Na tura leɓe, na yi gyaran murya sau biyu, na nuna wata baƙuwa da sanda na ce, "Wa ya bar famfon nan yana ɗiga?" Tsakar gida ta kece. Wata tsohuwa ta yi dariya har ta koma kuka, ta dawo dariya.

Goggo ba ta yi dariya ba. Ta kama hannuna ta ja ni gefe, idonta jajir.

"Je ka yi mata."

"Goggo, ta san ya rasu fa."

"Na san ta sani! Amma kunne ba ya da hankali. In ta ji muryar, wataƙila bakin ya buɗe da kansa. Ka taimake ni, ɗan nan. Ba ni da wata uwar."

Ban taɓa jin tsoron kwaikwayo ba sai ranar. Na shiga da kofin kunu, Goggo da Umma suna bayana. Na ja kujerar roba yadda yake ja, har da ƙarar. Kaka tana kwance, fuska a bango, ta zama 'yar mitsitsiya a cikin mayafi. Na yi gyaran murya sau biyu. Na ga kafaɗarta ta motsa.

Na ce, "Hajiya, tashi ki sha. Obiligeshan ne."

Wallahi ban taɓa yin muryar ta fito daidai haka ba. Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Kaka ta juyo a hankali, idanunta farare suna neman inda nake. Goggo ta matse mini kafaɗa. Na miƙa cokali.

Hannun hagun nan da ke karkarwa ya tashi ya make cokalin, kunu ya fantsama a rigata.

"Cire masa hula," in ji ta. "Ina jin ƙanshin man kansa. Cire."

Na cire.

"Murya ka ɗauko, maras kunya, ka bar mutumin. Shekara nawa kana laɓe a labule, ka taɓa jin ya ce mini in ci don obiligeshan? Ni ya ɗaura wa igiyar? Kansa ya ɗaura wa!" Ta tsaya tana haki. "Da idona ya tafi, cewa na yi na gama cin abincin duniya. Bai roƙe ni ba. Kwanonsa ya rufe, ya ce to mu biyu ke nan. Mutum da gyambon ciki. Ina ji cikinsa yana kuka kamar kyanwa. Yaya zan yi? Sai na ci, don ya ci." Ta mayar da fuska bango. "Ku kuna cewa tuwo mai sanyi yake so. Wa ke son tuwo mai sanyi? Yanzu wa zan ci dominsa? Ku fita."

Muka fita. Goggo ta zauna a dandamalin rijiya ta ɗora hannu a ka.

Da aka kawo abincin yamma, dambu ne, da mai da yaji, irin wanda nake iya sayar da takalmina saboda shi. Na ɗauki kwanona na shiga ɗakin Kaka, ba hula, ba tabarau. Na ja kujera. Na ajiye kwanon a ƙasa, na kifa murfin da ƙarfi yadda za ta ji.

"Wane ne?"

"Maigidanki ne."

"Me ka rufe?"

"Dambuna."

Ta yi tsaki. "Kai? Kai da ko azumi sai an ɓoye tukunya? Tashi ka ba ni wuri."

Ban tashi ba sai da aka kira sallah. Kwanon ya kwana a wurin.

Washegari aka kawo koko da ƙosai, na rufe su kusa da dambun. Umma ta kira ni kicin ta ce, "Kai, kada ka ƙara mana wani ciwon a kan wanda muke ciki. Ungo, ci a nan, ba za ta sani ba."

Na dubi ƙosan nan. Shi ma ya dube ni. Na ce, "Umma, za ta ji a numfashina." Gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Na tuna maganar igiya, da wanda zai faɗi in ka ja baya.

Kafin azahar na fara ganin mutane bibbiyu. Na ga Goggo guda biyu, abin da ko ɗaya ya ishi gida. Ina zaune a kujerar roba ina kallon bayan Kaka, ina lissafin ko numfashinta ne ke ɗaga mayafin ko iskar fanka. Can na daina wasa a raina. Na ce, Ya Allah, in ta ƙi fa? In ni ban kai a ci domina ba fa? Shi mijinta ne na shekara da shekaru. Ni wane ne, ban da mai buɗe tukunya?

Na ce, "Kaka." Ba ta juyo ba. "Kaka, don Allah." Muryata ce ta fito, tawa ta gaske, kuma ba ta da kyan ji.

Aka yi la'asar. Na ji ƙarar motar Baffa a ƙofar gida, na ji an buɗe get, na ji yana ce wa Abba a ɗauko katifa a shimfiɗa a baya. A daidai lokacin cikina ya yi wata irin ƙara, doguwa, mai hawa da sauka, wadda na tabbata an ji ta har Kurmin Mashi.

Kaka ta motsa.

"Tun yaushe?"

"Tun jiya da kika kore ni."

"Ƙarya kake."

Umma daga bakin ƙofa ta ce, "Wallahi Inna, ko ruwan koko bai sha ba. Ga kwanukan nan a gabanki."

Kaka ta miƙo hannu tana lalube. Na tura mata kwanon dambu. Ta taɓa murfin, ta buɗe, ta tsoma yatsa ta ji shi cike, sanyi ƙalau. Ta daɗe da yatsan a ciki. Sannan ta lalubo fuskata, ta shafa, ta ji ta jiƙe.

"Duk zuri'ar nan mugaye ne," in ji ta. "Shi ya tafi, ya bar mini wani. Ɗaga ni, maigidan banza. Ina kunun?"

Lokacin da Baffa ya ɗaga labule, cokali yana bakinta. Ya tsaya da makullin mota a hannu, ya kasa shigowa, ya kasa komawa. Ba ta sha da yawa ba. Ta sha dai abin da ya sa likita ya ce a bar ta a gida a gani. Da ta ture kofin ta ce, "Saura kai. In ji ƙarar taunarka." Na cinye dambun jiya da ƙosan safe, ina kuka ina haɗiya.

Ba zan ce ta warke ba. Wata rana ta ci, wata rana sai mun yi ta fama har rana ta karkata, ni da ita da kwano a rufe. Na koma makaranta, don haka karin safe sai na tashi da wuri, na rana kuwa sai na dawo, ko 'yan ajinmu na cin awara a gabana sai dai in kalli silin. Kullum in na shigo layinmu sai na fara duba ƙofar gida, ko an sake kafa rumfa. Aminin Baba Tsoho ya tare ni rannan ya ce, "Na ji abin da kake yi. Ka san sunansa?" Na ce na sani. Ya ce, "Amana." Na ce ta yi kusa. Ya ɗaga sanda, na ruga.

Allah ya jiƙan Baba Tsoho, ya yalwata masa makwanci, ya sa can a ba shi nasa da zafinsa. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, ya haɗa da Kaka, Allah ya bar mana ita.

Ina rubutun nan a kan gwiwata, a kujerarsa. Kaka ta tsaya a tsakiyar loma tana ba ni labarin matar nan mai zani, kuma ba ta ko kai inda aka je biki ba. Tuwona yana ƙasa a rufe. Na riga na san yadda zan same shi. Ba shi da daɗi ko kaɗan, kuma bai taɓa yi ba.